GUNKI KO KAYAN TARIHI? WAIWAYE A KAN SIFFOFIN YUMƁU NA AREWACIN NIJERIYA DAGA GIDAN TARIHI NA ONIKAN

1.0 Gabatarwa

Aiki ne ya kawo ni Legas domin koyar da Hausa ga ɗalibai waɗanda akasarinsu ba Hausawa ba ne. Kamar yadda baƙo ya saba, duk ranar da ba aiki nakan gangara Obalende in zauna wurin wani dattijo mai sayar da goro domin in ji harshen gida. Wata Asabar na shaida masa cewa zan wuce Onikan in sadu da ɗalibaina mu ziyarci Gidan Tarihi na Ƙasa. Sai ya dube ni ya ce, "Malam, gidan gumakan nan za ka? In ba motar Murtala za ka gani ba, me ka ajiye a can?" Na ce, "Baba, ilimi za mu nema." Ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

A cikin gidan kuma, muna tsaye gaban wani kan mutum na gasasshen yumɓu, wata ɗaliba Bayarabiya ta tambaye ni sunan abin da Hausa. Na yi niyyar cewa "gunki", sai na fasa. Na auna "mutum-mutumi", shi ma bai gamsar da ni ba. Daga ƙarshe na ce mata mu bari sai mun koma aji.

Wannan maƙala ƙoƙari ne na amsa waccan tambaya. Za ta dubi dangantakar Hausawan Obalende da gidan tarihin da ke maƙwabtaka da su, sannan ta bi tarihin gano siffofin yumɓu a Arewacin Nijeriya da yadda aka yi wawar su, ta kwatanta da wata al'umma ta Asiya, daga bisani ta dawo kan batun suna. Abin da take son nunawa shi ne, sunan da al'umma ta laƙaba wa abu yana da hannu wajen sa ta ta riƙe shi ko ta yi watsi da shi.

2.0 Obalende da Onikan

Hausawa ba baƙi ba ne a tsibirin Ikko. Bayan da Ingila ta mallake Legas a 1861, Kyaftin John Glover ya kafa wata 'yar runduna a 1863 wadda ya tara daga cikin Hausawan da suka kuɓuta daga bauta. Wannan runduna ce ta bunƙasa ta zama 'yan sandan Hausa masu ɗauke da makamai, ta yi yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874, kuma a gare ta ne sojan Nijeriya na yau yake jingina asalinsa. Riwayar da aka fi ji game da Obalende ita ce, sojoji ne da iyalansu aka taso daga wani fili na tsakiyar tsibirin aka mayar da su can, kuma masu jin Yarbanci suna fassara sunan unguwar da "inda sarki ya koro mu". Barikin Dodan da ke nan kusa shi ne mazaunin shugabannin ƙasa daga 1966 har zuwa 1991 da aka koma Abuja.

Tsakanin Obalende da Onikan tafiya ce ta 'yan mintoci. A can ne aka buɗe Gidan Tarihi na Ƙasa a 1957, bisa ƙoƙarin Kenneth Murray, wani Bature malamin zane wanda aka ɗora wa aikin kula da kayan tarihin Nijeriya tun 1943. An tara a cikinsa kawunan Ife, da zubin tagulla na Benin, da kayan Igbo-Ukwu, da siffofin yumɓu na Nok. A nan ne kuma aka ajiye baƙar Marsandi da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar Juma'a, 13 ga Fabrairu, 1976, a kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Wannan mota ita ce abin da dattijon nan ya sani, domin labarinta nasa ne, kuma yana da harshen ba da shi.

Sai dai akwai wata alaƙar da ba a cika ambatawa ba. A lokacin da Ingila ta afka wa birnin Benin a 1897 aka kwashe dubban kayan fada, cikin mayaƙan har da sojojin ƙasa waɗanda Turawa suke kira Hausawa, ko da yake sunan ya haɗa da duk wanda ake ba umurni da Hausa a bariki. Watau ke nan, ko da a matsayin sojan haya ne, da mu aka yi tarihin watsuwar waɗannan kaya. Jamus ta miƙa wa Nijeriya mallakar fiye da guda 1,000 daga cikinsu a 2022, Holan kuma ta dawo da 119 a 2025. Mutanen Benin sun kai ga haka ne domin ba su taɓa daina kiran kayan da sunansu ba, ba su kuma daina cewa nasu ne ba.

3.0 Gano Siffofin Nok

Nok ƙauye ne a ƙasar Ham, mutanen da Hausawa suke kira Jaba, a kudancin Jihar Kaduna. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan ƙaramin kai na yumɓu mai kama da na biri, aka kai shi Jos aka ajiye. A wajejen 1943 aka sake samun wani kai, na mutum, a kusa da Jama'a. Wani akawun ma'aikatar kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya domin korar ɓarna, har ya yi kimanin shekara a can kafin labarinsa ya kai ga Bernard Fagg, wani jami'in mulki da ya karanci ilimin tonon kufai. Fagg ya lura da kamannin da ke tsakanin kawunan biyu, ya shiga bin ramukan kuza yana tara ire-irensu, ya kuma raɗa wa al'adar da ta samar da su sunan ƙauyen Nok. Kayan da ya tara su ne ginshiƙin Gidan Tarihi na Jos da aka buɗe a 1952. Wancan kai na Jama'a yana cikin kayan da gidan Onikan ya yi suna da su.

Duk wanda ya ga kan Nok sau ɗaya zai shaida shi a ko'ina. Idanun masu kusurwa uku ne, an huda ƙwayar ido da hanci da kunne da baki, kitso ko tukkun da ke kai kuma an fitar da shi dalla-dalla, ga duwatsun wuya da warwaro a jikin waɗanda gangar jikinsu ta tsira. Cikinsu fanko ne, domin an gina su ne kamar yadda ake ginin tukunya, sannan bayan yumɓun ya sha iska aka bi shi da wuƙa aka fitar da fuska kamar yadda masassaƙi yake yi wa itace. Hujojin da aka yi sun taimaka wa iska ta fita lokacin gashi don kada ginin ya fashe.

A shekarun 1960 Fagg ya yi tono a Taruga, inda ya samu matoyan narka tama tare da irin waɗannan siffofi. Daga 2005 kuma masana daga Jami'ar Goethe ta Frankfurt a Jamus, ƙarƙashin Peter Breunig, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, sun shafe shekaru suna bincike, musamman a yankin Janjala. Sun nuna cewa al'adar ta faro ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ginin siffofi ya bayyana wajen 900, kuma al'adar ta shuɗe a daidai farkon ƙidayar Miladiyya. Abincin mutanen ya haɗa da gero da wake, kuma wani nazari na 2021 ya gano alamar kakin zuma a cikin tukwanensu. Abu mafi muhimmanci ga wannan maƙala shi ne, akasarin siffofin an same su ne a farfashe, an binne su da gangan, sau da yawa a kusa da wuraren da ake ɗauka kusheyi ne. Saboda haka masanan suka fi karkata ga cewa suna da alaƙa da jana'iza da tunawa da magabata.

Mutanen Nok ba su bar rubutu ba, don haka ba wanda yake da ikon cewa Hausawa ne ko wata ƙabila ta yau. Ko sunan "Nok" ma na aro ne. Abin da ya tabbata shi ne manoman gero ne da suka zauna a ƙasar da muke zaune a kanta.

4.0 Katsina, Sakkwato da Wawar Shekarun 1990

Mai karatu yana iya cewa ai Nok ba ƙasar Hausa ba ce. Haka ne, amma labarin bai tsaya a kudancin Kaduna ba. A shekarun 1990 wasu siffofin yumɓu suka fara bayyana a kasuwannin Turai, dillalai suna kiran su "na Katsina" da "na Sakkwato". Na Katsina yawanci mutum ne zaune, ya ɗora hannuwa a kan gwiwa, a bisa wata tukunya mai kama da tulu. Na Sakkwato kuwa an san su da gira mai nauyi da ta rufo ido, da gemu, da fuska a murtuke. Ana ɗauka zamaninsu ya yi kusa da na Nok. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fi ambata an tono su shi ne kewayen dutsen Kwatarkwashi, wanda yake cikin Jihar Zamfara tun 1996.

Kusan dukkan waɗannan kaya an haƙo su ne ba bisa ƙa'ida ba. Shekarun nan lokaci ne na matsin tattalin arziki da faɗuwar darajar Naira. Dillalai suka riƙa ɗaukar manoma da matasa suna tona kufai da gatari da shebur, su sayi abin da ya fito a kan kuɗi ƙalilan, su fitar da shi ta kan iyaka zuwa Kwatano da Lome, daga can zuwa Turai. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi, ta hana cinikin irin waɗannan kaya da fitar da su ba da izini ba, amma ba ta hana wawar ba. Asarar kuwa ta wuce ta kayan kansu. Mai tonon kufai yana karanta ƙasa ne hawa-hawa: gawayin da ke gefen siffa shi yake ba da shekarunta, tukunyar da ke ƙarƙashinta ita take faɗin abincin mai ita. Idan aka fizge siffar aka watsar da sauran, an yage shafin ke nan, kuma ba a sake rubuta shi.

A shekarar 2000 Majalisar Gidajen Tarihi ta Duniya ta sa siffofin Nok da na Katsina da na Sakkwato a jerin kayan Afirka da ke cikin haɗari. A wannan shekarar ce kuma rigima ta tashi a Faris, domin gwamnatin Faransa ta sayi guda uku, biyu na Nok ɗaya na Sakkwato, daga hannun wani dillali, aka kuma baje na Nok a gidan tarihi na Louvre. Aka daidaita a 2002 cewa Faransa ta amince kayan na Nijeriya ne, amma za ta riƙe su aro na shekara 25, tare da damar sabuntawa.

Tambayar da ya kamata mu yi wa kanmu ita ce, me ya sa ba a ji kukan Hausawa da ƙarfi ba a lokacin da ake wannan aika-aika a ƙasarsu? Talauci dalili ne, rashin sani ma dalili ne. Amma a ganina akwai na uku. Manomin da garmarsa ta tono kan yumɓu, kalma ɗaya ce za ta fara zuwa bakinsa, ita ce gunki. Wanda kuwa ya raba ka da gunki har ya ba ka kuɗi, ai taimakonka ya yi.

Wannan ɗabi'a tana da tushe a tarihinmu. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala, da yadda Sarki Tsamiya (1307 zuwa 1343) ya rushe wurin tsafin, da zuwan Wangarawa a zamanin Yaji (1349 zuwa 1385), da yadda aka farke Dirki a zamanin Alwali (1781 zuwa 1807). Marubutanmu na dauri sun fi ambaton abin tsafi a ranar da aka karya shi, domin labarin da suke bayarwa na kafuwar Musulunci ne. Wannan daidai ne a muhallinsa. Kuskuren shi ne a ɗauki hukuncin da aka yanke wa abin da ake bauta wa a ɗora shi a kan duk abin da ƙasa ta fitar.

Durɓi Takusheyi da ke ƙasar Mani ta Jihar Katsina ta nuna abin da ake samu idan aka bi ƙa'ida. Palmer ya tona wasu kusheyinta a 1907, aka sake tono a 1992, aka samu tasoshin tagulla da zinariya da hauren giwa da wuri da duwatsun ado, waɗanda suka tabbatar da cinikin ƙasar Hausa da duniyar Musulmi ƙarnoni da dama da suka wuce. An gyara kayan a birnin Mainz na Jamus aka kuma dawo da su Nijeriya. An kiyaye Durɓi ne domin Katsinawa suna da sunanta, suna kuma danganta ta da sarakunansu na farko.

5.0 Darasi Daga Al'ummar Cam

Ba mu kaɗai ne Musulmin da suka gaji irin wannan kaya ba. A tsakiyar ƙasar Biyetnam an yi daular Campa, wadda mutanenta, Cam, suke magana da harshe ɗan uwan Malayanci. Sun bi addinin Hindu da na Buda, sun gina ɗakunan ibada na jan bulo kamar na My Son, sun kuma sassaƙa siffofin Shiba da Bishnu da Ganesha a jikin dutse. Babban birninsu Bijaya ya faɗa hannun Biyetnam a 1471, ragowar daular kuma ta ƙare a 1832. A hankali da yawa daga cikinsu suka musulunta, kuma a yau akasarin Cam na Kambodiya Musulmi ne, haka ma wani sashe na waɗanda ke Biyetnam.

Kamar yadda Murray da Fagg suka yi a nan, Turawan mulkin mallaka ne suka tara kayansu. Masanan Faransa, musamman Henri Parmentier, suka sa aka fara gina gidan adana sassaƙen Cam a birnin Da Nang a 1915, aka buɗe shi a 1919. Hukumar UNESCO kuma ta sa My Son cikin wuraren tarihi na duniya a 1999. Bambancin da ke tsakaninsu da Nok shi ne, Cam sun bar rubutu a jikin duwatsu da harshen Sanskirit da kuma nasu harshen, don haka an san sunayen sarakunansu da na abubuwan da suka sassaƙa. Inda akwai rubutu, siffa tana zuwa da sunanta. Inda babu, kamar a Nok da Kwatarkwashi, nauyin raɗa suna yana kan masu rai.

Haka kuma Masar tana adana kayan Fir'aunoni, Pakistan tana adana na Gandara, Indonesiya tana kula da Borobudur, ba tare da an ce sun koma bautar su ba. Hukuncin shari'a aikin malamai ne, kuma wannan maƙala ba ta shiga hurumin nan ba. Abin da take cewa shi ne, kallo domin ɗaukar darasi daban yake da kallo domin bauta, kuma ya kamata harshe ya iya bambanta su.

6.0 Matsalar Suna

Idan aka dubi kalmomin da Hausa take da su, za a ga kowace tana da nata cikas. "Gunki" yana nufin abin da ake bauta wa, alhali binciken da aka yi bai tabbatar da cewa an bauta wa siffofin Nok ba. "Tsafi" da "dodo" sun fi shi nauyi. "'Yar tsana" abin wasan yara ne. "Mutum-mutumi" ya fi sauƙi, kuma shi 'yan jarida suka fi amfani da shi, amma yana ɗauke da ma'anar abin da ake kafawa a gona domin korar tsuntsaye da birai, watau daidai aikin da akawun nan ya ba kan Jama'a. Bugu da ƙari, bai dace da kan birin 1928 ba, balle giwa ko maciji. "Sassaƙa" kuwa aikin itace ne da dutse, domin Bahaushe gina tukunya yake yi, ba sassaƙa ta ba. "Kayan tarihi" kuma ya yi faɗi, tun da ya haɗa har da motar Murtala.

Shawarar da nake gabatar wa masana ita ce a bi hanyar da Bahaushe ya saba bi wajen sana'o'insa, watau a kira abu da abin da aka yi shi da shi da kuma irin aikin da aka yi masa. A ɗauki "siffa" a matsayin kalmar gama-gari, a ce siffar yumɓu, siffar dutse, siffar itace, siffar tagulla. Aikin kuma a kira shi gini ko sassaƙa ko zubi, gwargwadon yadda aka yi shi. Kalmar "sura" ma za ta iya, sai dai tana karo da surar Alƙur'ani. A bar "gunki" ga abin da aka tabbatar an bauta masa. An taɓa yin irin wannan aiki ga fannin harshe da adabi a ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. Fannin tonon kufai da adana kayan tarihi shi ma yana bukatar nasa, domin a samu abin rubutawa a jikin akwatunan Gidan Makama na Kano da gidan tarihi na Katsina, da abin faɗa a rediyo ga manomin Kwatarkwashi. Zai kuma yi amfani masana Yarbanci da Igbo da Fulfulde da Kanuri da Hyam su bayyana yadda nasu harsunan suka warware wannan matsala.

7.0 Kammalawa

An ga yadda Hausawan Obalende suke da tsohuwar alaƙa da gidan tarihin Onikan, da yadda aka gano siffofin Nok, da yadda aka yi wawar na Katsina da Sakkwato a shekarun 1990, da kuma rawar da rashin suna mai dacewa ya taka a ciki. Sauya kalma kaɗai ba zai hana talaka sayar da abin da ya tono ba, amma zai sa ya san cewa abin da ke hannunsa shaida ce ta waɗanda suka riga shi noman gero a wannan ƙasa.

Da muka koma aji na rubuta wa ɗalibar nan "siffar yumɓu" a allo. Asabar ta gaba kuma na gaya wa dattijon Obalende cewa a ƙasar Katsina ma an tono irinsu, kuma da yawa suna Turai. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, ashe har da namu aka kwasa?" Na ce, "Har da namu, Baba." Ya ce in zan sake komawa in biyo masa, yana so jikansa ya gani.